Igiyar Awon Rakiya

Da sunan Allah nake farawa. Maryam jikata, ke da kika yi karatu, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Idan kika ga na yi shiru, ki jira ni. Kuka ne, zai wuce.

Ku 'yan matan da kuke zuwa Guangzhou saro kaya, da ku nake. Jiya wata daga cikinku ta shigo ɗakina, ta miƙo mini hoton riga a waya, ta ce, "Inna, ai wannan ba wani aiki ba ne, ki zarga mini ita kafin la'asar in kai kamfani." Na ce, "'Yar nan, wa zai sa rigar?" Ta ce, "Kowa ma." Na ce, "To ni har na tsufa ban taɓa auna kowa-ma ba." Ta yi dariya, ta ɗauka raha nake yi.

Sana'ata ɗinkin samfur. Ɗan kasuwa zai zo daga Kano ko Kumasi yana son rigunan makaranta dila-dila. Kamfanonin nan suna da injinan da ido ba ya iya bin gudunsu, amma ba su san jikin mutanenmu ba. In ka bar su da awonsu, riga za ta shaƙe a hammata, ta ɗage a baya. Don haka ake kawo mini yadi in ɗinka guda ɗaya, a kai musu su kwaikwaya. Kuskuren da ya shiga samfur ya shiga kwantena guda, kuma ba ya bayyana sai kaya sun tsallake teku.

Aikin farko da aka ba ni a gidan Gwaggo Tasalla a Fagge ba ɗinki ba ne, warwara ce. Za ta ɗinka hannun riga, ta jefo mini, ta ce in farke shi ba tare da na ji wa yadi ciwo ba. Daga nan sai zuba gawayi a dutsen guga. Na daɗe a haka kafin ta bari na taka keken ɗinki. Gwaggo ba ta san lamba ba, kamar yadda ni ma ban sani ba, don haka ba ta amfani da tef. Da igiya take awo. Duk mai kawo ɗinki yana da igiyarsa ta farin zare mai kauri. Daga bakin igiya za ka auna kafaɗa ka ƙulla, ka auna tsawon hannu ka ƙulla, sai ƙugu, sai ƙirji, sai tsawon riga. A kan igiyar kuma sai ka ɗaura ƙyallen yadin da mutum ya fara kawowa, shi ne sunansa. Duk suna rataye a ƙusa, in ka shiga ɗakin ka ce gemun masara ne.

Dokoki biyu ta ba ni, kuma a kansu nake har yau. Ta farko, ba a yanka a kan jita-jita. In igiya ba ta taɓa jikin mutum ba, almakashi ba ya taɓa yadinsa. Ta biyu, igiyar mamaci ba ta kwana da ƙulli. Ranar da aka ce wane ya rasu, ka sauko da ita, ka kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya kana yi masa addu'a.

Da marigayi Malam, mijina, ya kafa harkar tura kaya a nan, ya ce in biyo shi, na ce ba zan bar kekena ba. Baƙin keke ne mai ƙafa, tun na aurena. Aka sha wahalar kawo shi. Ranar da aka buɗe akwatin, wani ɗan China mai ɗaukar kaya ya duba rubutun jikinsa ya fashe da dariya. Malam ya tambaye shi, sannan ya juyo ya ce da ni, "To, Hajiya, kin dawo da shi gidan ubansa. A nan aka ƙera shi." Da shi nake aiki har yanzu. Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, ya sha cewa zai sayo mini mai lantarki. Na ce ya bar ni da wanda ƙafata ta sani.

Rigar makaranta kuwa, autata Rakiya ce ta koya mini ita. Lokacin da muka taho, ita ta gama kwalejin horon malamai, an tura ta wata firamare a wani ƙaramin gari a Yobe. Da aka fara kawo mini aikin yunifom, na kira ta na ce, "Auta, ni ba ni da yara a nan da zan auna." Ta ce in bar mata. Tun tana ƙarama ta iya ƙullin igiya a gindin kekena. Sai ta auna 'yan ajinta, ƙarami da matsakaici da babba, ta aiko mini da igiyoyin ta hannun masu zuwa. Ta ce, "Inna, ki bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, yatsa huɗu. Uban yaro riga ɗaya yake saya, ita za ta raka shi har ya canja aji. Aljihu kuma ki ninka ɗinkin bakinsa, don ba fensir kaɗai ke shiga ba, har ƙuli-ƙuli da dutsen gwafa."

A kan wannan kalmasar muka yi ta fama da wani mai kamfani kusa da kasuwar Shahe. Lawban muke ce masa, wato maigida da bakinsu. Ya ɗaga samfurina, ya buɗe kalmasar, ya riƙa kaɗa hannu yana cewa, "Meyo, meyo," wai babu, ɓarnar yadi ce. Ni kuma na ɗaga masa yatsu huɗu na ƙi saukewa. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Daga ƙarshe na nuna masa tsawon yaro da hannu, na ɗaga hannun sama a hankali. Sai ya gyaɗa kai. Ashe shi ma yana da jika.

Ita Rakiya, duk shekara ina ɗinka mata doguwar rigar shiga aji, shuɗiya, zif a baya. Bakin hannun dama nakan ninka shi biyu, domin nan ne ke gogar allo, nan yake fara cinyewa. Ba wanda ya koya mini wannan. Tsofaffin rigunanta na duba.

Sai masifar nan ta iso garinsu. 'Yan bindiga suka shigo suka ƙona makarantar. Allah Ya sa ranar babu yara a ciki, amma daga nan iyaye suka kwashe 'ya'yansu suka watse, wasu yaran kuma aka tare su a hanyar gona aka shige daji da su. Rakiya ta zauna wata da watanni tana zuwa tana tsayawa a gaban bango baƙi. Rannan da hantsi ta kira, can wurinsu tsakar dare ne, muna karyawa ni da Malam.

Ta ce, "Inna, ana ɗaukar soja, har da mata masu takarda. Ni da Malama Saratu mun ba da sunanmu."

Saratu abokiyar aikinta ce, ɗaki ɗaya suke haya.

Na ce, "Soja? Ke da ba ki iya yanka kaza ba?"

Ta ce, "Ba yanka za ni ba. In an kwato mata da yara daga daji, maza ne ke tarbar su da bindiga. Ana neman matan da za su karɓe su. Inna, 'yan ajina na cikin dajin nan. Ni na san sunayensu."

Na ce, "Ki dawo Kano, makarantu sun ƙare ne?"

Ta ce, "Yaran Kano suna da malamai."

Malam ya karɓi wayar. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Allah Ya tsare, Malama." Bai taɓa kiran ta Malama ba sai ranar. Da ya ajiye wayar, ya ture kwanon kunu, bai ƙara sha ba.

Kaki ba aikina ba ne, hukuma ke bayarwa. Amma da ta shiga horo ta ce mini kakin yankan maza ne, yana cin wuya da hammata, ɗamara kuma tana sale mata ƙugu. Sai na shiga Shahe na nemo auduga mai laushi irin ta kayan jarirai, na ɗinka mata rigunan ciki, na juya ɗinkin waje don kada ya goge ta. Ta ce Saratu na rantsuwa sai ta sace ɗaya. Na ce a aiko mini da igiyar Saratu. Aka aiko. Doguwa ce, siririya, ƙullin hannunta ya zarce na Rakiya da taƙi guda. Ban taɓa ganin fuskarta ido da ido ba, amma na san jikinta kamar ni na haife ta. Takan karɓi waya ta ce, "Inna ta Sin, ki ƙara mana, sauran matan sun fara yi mana kallon 'yan gata."

Shekaru suka tafi a haka. Wani lokaci Rakiya ta kira da murya wasai, ta ce ta ga wata 'yar ajinta a cikin waɗanda aka kwato, ta girma, har da goyo. Wani lokaci ta kira ta yi shiru, in yi ta ba ta labarin yadi har ta ce, "To, Inna, sai an jima."

Sai mugunyar shekara ta zo, shekarar annoba. Shahe ta rufe, jirage suka tsaya, ba mai zuwa ba mai tafiya. Mai gidan da muke haya ya ce mu tashi, muka koma wani ɗan ɗaki tare da iyalin ɗana. Dilolin yunifom suka yi ta zama a sito a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, makarantun da za su sa su ma a rufe. Malam dama yana da hawan jini. Wata safiya ya ce kansa na sarawa, kafin azahar ya cika. A nan aka binne shi, a maƙabartar Musulmi, mutane ƙalilan a kansa. Na sauko da igiyarsa. Ƙullin kafaɗarsa tun na angwanci ne, ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori.

Ina cikin takaba ɗana ya shigo ya durƙusa, ya ce motar su Rakiya ta taka nakiya a hanya. Ya ce Saratu ta rasu nan take. Na ce, "Rakiya fa?" Ya ce, "Ta ji ciwo a hannu, amma da sauƙi. An sallame ta daga soja, tana Kaduna wurin Gwaggo Hansatu." Hansatu ƙanwar Malam ce. Na kira ta, ita ma ta ce da sauƙi. Kun san halinmu. Ba a haɗa wa mai takaba nauyi biyu, sai a riƙa ba ta labari da cokali. Ba na zargin kowa, ni ma na sha yi wa wasu haka. Da na ga Rakiya a waya, fuskarta kawai na gani a cikin babban mayafi, ta rame, tana cewa, "Lafiya lau, Inna, ya haƙuri?"

Na kwance igiyar Saratu. Sannan na ce a raina, tunda Allah Ya fitar da Rakiya daga kaki, bari in yi mata rigar komawa aji. Na sauko da tsohuwar igiyarta, na yanka shuɗin yadi, na sa zif a baya. Bakin hannun dama na ninka shi biyu, na bi shi da ɗinki sau biyu, har ina jin daɗi. Aka cusa ta a dilar yunifom, ta bi kwantena.

Da rigar ta isa bayan watanni, Rakiya ta kira ni da rana tsaka. Rigar na kan cinyarta.

Ta ce, "Inna, ɗinki ya yi kyau."

Na ce, "Ki gwada in gani."

Ta ce, "Ba su gaya miki ba ko?"

Sai ta sa hannun hagu ta janye mayafin. Hannun dama babu, daga saman gwiwar hannu.

Maryam, dakata.

To, rubuta. Daga ranar ta daina ɗaukar wayata sai jefi-jefi. Hansatu ta ce ko tsakar gida ba ta fitowa. Ta ce akwai wata makaranta a unguwarsu da ake koyar da yaran da suka gudo daga can, shugabar ta zo da ƙafarta tana roƙon Rakiya, amma Rakiya ta ce malamar da ba ta iya rubutu a allo ba, ba malama ba ce. Ta ce ba za ta tsaya gaban yara suna kallon hannun riga yana lilo ba. Hansatu ta ce, "Yaya, yarinyar nan tana ƙarewa a ɗaki, ina ji ina gani."

Ni ga ni a bayan duniya. Takardun zamana a hannun hukuma suke, in na fita ba lalle in dawo ba, likita kuma ya ce zuciyata ba za ta ɗauki doguwar tafiya ba. Ba ni da wa'azi, ba ni da boko. Abin da na iya ke nan. Da hanya ta buɗe, wata tsohuwar mai sayen kayana, Hajiya Ladi 'yar Kaduna, ta zo saro. Na yanko sabuwar igiya fara, ba ƙulli ko ɗaya, na ba ta. Na ce, "Ki kai wa Rakiya. Ki ce ban ce ta koma aji ba. Ki ce tela na jiran awo."

Na sayi shuɗin yadi na ajiye a kan keke. Hajiya Ladi ta je ta dawo, ba igiya. Ta ce, "Ta karɓa, ta sa a ƙarƙashin matashi." Ɗana ya ce, "Inna, ai kin ga hannun a waya. Ki kintata mana ki ɗinka." Na ce ba a yanka a kan jita-jita. Ya ce wannan ai taurin kai ne. Na ci gaba da ɗinkina. Na san in na kintata, riga ce kawai za ta je ta tarar da 'yar'uwarta a ƙasan akwati. Wanda bai yarda a auna shi ba, ba zai sa ba. Yadin ya zauna har ƙura ta canja masa launi a kan ninki. Kullum in kakkaɓe shi in mayar.

Sai a wani zuwan Hajiya Ladi ta shigo ko zama ba ta yi ba, ta buɗe jaka ta ɗora mini igiyar a tafin hannu. Ƙullin duk sun karkace, wasu sako-sako, da sawun haƙori a jikinsu. Ta ce, "Hansatu ce ta riƙe mata bakin igiya, amma ƙullin ta ce ba mai yi mata. Da hagu da baki ta yi." Na bi su da yatsa. Kafaɗa, hannun hagu, ƙugu, ƙirji, tsawo. Sai ga wani ƙarin ƙulli can kusa da bakin igiya, ko taƙi bai cika ba. Nan hannun 'yata ya tsaya.

Ku da kuke cewa ɗinki ba aiki ba ne, ku saurara. Riga a jikin mai hannu ɗaya ba ta zama daidai, takan zame ta koma ɓangaren da ke da nauyi, wuya ya karkace. Sai na rage kafaɗar dama, na sa mata ɗan tsumma a ciki ta riƙe. Zif na dawo da shi gaba, na sa masa zobe wanda yatsa ɗaya zai ja. Maɓalli ko ɗaya ban sa ba. Aljihu na mayar da shi hagu. Bakin hannun hagu na ninka shi biyu. Sai hannun dama. Wasu sukan bar shi da tsawonsa a maƙale da fil, amma wannan shi ke jawo ido. Na auna daga ƙullin nan, na ƙara yatsa biyu, na yanke. Tun ina yarinya nake yanka hannun riga, ban taɓa jin nauyin almakashi ba sai ranar. Na shimfiɗa masa audugar jarirai a ciki, na kawar da ɗinkin daga inda tabon zai kwanta, na rufe bakin a zagaye kamar hula, yadda mai kallo zai ga haka aka nufa, ba rashi ba ne aka ɓoye. Guntun da na yanke yana nan a akwatina. Na kasa zubarwa.

Rigar ta tafi. Rakiya ta ce ta gode, ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Tela ba ya bin riga ya ga ko an sa. Watanni suka shuɗe, in mun yi waya sai gaisuwa da ya jiki. Na fara cewa a raina wannan ma ta shiga akwati.

Makon jiya Hajiya Ladi ta iso, ta ajiye mini leda a kan keke, tana haki saboda matakala. Ta ce, "Ga kayanki an dawo da su, 'yarki ta ce aikinki da gyara." Na buɗe. Rigar ce. Bakin hannun hagu ya koɗe ya yi fari, aljihu ya farke a kusurwa. Ta ce, "Wai aljihun ya yi ƙanƙanta, ba ya ɗaukar alli da tsumman goge allo tare. Kuma wai rubutun nata na hagu, yaran sun ce kamar kaza ta yi tonon ƙasa." Na zura hannu a aljihun. Na taɓo guntun alli, ɗan ƙarami, ya cinye har ba ya riƙuwa.

Na yi kuka, Hajiya Ladi ta taya ni. Ba kukan daɗi zalla ba ne. Malam bai ga wannan ba. Saratu tana ƙasa, uwarta ba ta da ko rigar gyara. Ni kuma ban sani ba ko zan ƙara taɓa kafaɗar Rakiya da hannuna, idanuna ma sun fara hazo.

Ga ƙusar can, Maryam, ki duba. Sabuwar igiyarta ce a gaba. Ta bayanta ita ce tsohuwar, mai cikakken hannun dama. Mai ita ba ta mutu ba, ba zan kwance ba. Jikin da ta auna kuma babu shi, ba zan yi yanka da ita ba. Gwaggo Tasalla ba ta koya mini yadda ake yi da irin wannan ba, ni ma ba ni da abin da zan koya muku a kai.

Ajiye alƙalamin haka nan. Zo ki zura mini zare a allura, shuɗi. Jibi Hajiya Ladi za ta koma, kuma an ce hutun makaranta ya kusa ƙarewa.